Me Za a Sa wa Yaro Ranar Intabiyun Makaranta?

Daga watan Maris zuwa Yuli, makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja kan shiga kakar ɗaukar sababbin ɗalibai, tunda a Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu. A sayi fom, a cike, a manna hoton fasfo, sai saƙo ya shigo waya: a kawo yaro ranar Asabar da ƙarfe takwas domin jarrabawa da intabiyu. Batun jarrabawa iyaye sun san yadda za su yi da shi, akwai malamin lesin, akwai tsofaffin tambayoyi. Abin da kan hana uwa barci daren jajibere shi ne wanda saƙon bai faɗa ba, ko ya faɗa a dunƙule cewa a zo cikin shiga mai tsabta marar nauyi. To, me za a sa masa?

A yawancin gidajenmu amsar ba ta da nisa: a buɗe akwati a ciro kayan Sallah. Ba abin mamaki ba ne, mu mutane ne da ke girmama wuri da tufa. Sai dai intabiyu ba yawon Sallah ba ne, kuma ba wasan ƙofar gida ba ne da za a tafi da rigar ƙwallo mai sunan ɗan wasa a baya. A ganina ma'auni ɗaya ya wadatar. Kayan da suka dace su ne waɗanda yaro zai manta yana sanye da su da zarar ya shiga harabar makarantar. Duk tufar da za ta riƙa tuna masa da kanta, ko da ƙaiƙayi ko matsi ko zamewa, ta cinye wani kaso na hankalin da ya kamata ya bai wa mai yi masa tambaya.

Wanda ya san abin da ake yi a cikin ɗakin intabiyun ba zai sha wahalar zaɓe ba. Ɗan shekara uku ko huɗu da za a sa a nazare ba a dasa shi gaban tebur ana jero masa tambayoyi. Malama ce za ta zauna da shi a ƙasa ko a kan 'yar kujera, ta miƙa masa fensirin kala, ta nuna masa hoton kyanwa, ta ce, "Ɗan albarka, ɗauko min jan ƙwallon can." Tana lura ne ko yana jin magana, ko zai iya rabuwa da uwarsa na ɗan lokaci, ko kuma zai iya faɗa in fitsari ya matsa shi. A nan ne tazugen da aka ɗaure tamau, ko bel mai wuyar kwancewa, kan jawo abin da zai sa yaro ya ƙi sake buɗe baki har a tashi. Wando mai roba a ƙugu, wanda zai iya saukewa da kansa, ya fi masa kowane ɗinki mai tsada.

Mai neman ajin farko na sakandare kuwa, ɗan shekara goma ko sha ɗaya, zai fara da rubutu, sannan ya zauna a benci yana jiran a kira sunansa. Ganawar kanta 'yan mintoci ce: ya sunanka, me kake so ka zama, karanta mana wannan sakin layin. A makarantun da ke haɗa boko da haddar Alƙur'ani za a ce ya cire takalmi ya zauna a dadduma ya biya wata sura. Jiran shi ne mai tsawo, kuma a bencin nan ne tufa ke tona asirin kanta.

Kafin komai dai a sake karanta takardar gayyatar, domin in makaranta ta faɗi abin da take so, magana ta ƙare. Yaran da ke zana jarrabawar kwaman entirans ta hukumar NECO, ta shiga makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, da yawansu cikin yunifom ɗin firamarensu suke zuwa, kuma ba wanda ke ganin laifin haka. Yunifom wankakke gogagge yana rufa asirin kowa, don ba ya bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Makarantun soja, irin su Makarantar Soja ta Zariya da aka kafa a 1954, tantancewarsu kan haɗa da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki, sukan kuma lissafa abin da za a zo da shi. A bi lissafin nan daki-daki. In takardar ta yi shiru, a ɗaga waya a tambayi ofishin makarantar. Ba ƙauyanci ba ne.

In zaɓi ya dawo hannun iyaye, a fara da yadi kafin a zo kan ɗinki. A Afrilu da Mayu zafin Kano kan haura digiri 40 da rana, kuma ba a da tabbacin fankar ajin za ta juya. Sabuwar shadda mai sitaci, wadda aka kai wa masu bugu ta dawo tana ƙyalli, a jikin ƙaramin yaro kamar kwali take: ba ta lanƙwasa, tana ƙara in ya motsa, aikin wuyan kuma yana goge masa fata in gumi ya sauko. Leshi mai duwatsu yana soke yarinya a hammata, ga shi sai an yi masa shafi a ciki, ya zama tufa biyu a rana ɗaya. Yadin roba ba ya shan gumi, yana riƙe zafi da wari. Auduga ce ke barin iska ta ratsa, ta tsotse gumin, ko dai yadin da audugarsa ta rinjayi robarsa don kada ya yamutse kafin a isa. Game da launi, fari fat yana da kyau a ƙofar gida, amma ƙurar hanya da tawadar biro ba sa raga masa. Baƙi kuma yana jan zafi in layin ya kai tsakar rana. Shuɗi mai haske, ruwan toka, ruwan ƙasa da ruwan madara sun fi haƙuri.

Namiji ba ya buƙatar abin da ya wuce kufta da wando na yadi mai laushi, da ɗan aiki kaɗan a wuya, ko riga mai kwala da dogon wando mai duhu. Duka biyun daidai ne, kuma wanda yaron ya fi sabawa da shi shi ne nasa. Kwat da nektai a bar wa ranar walimar kammala karatu. Babbar riga kuwa aiki ce ko a jikin babba, balle yaron da zai yini yana saɓa hannunta a kafaɗa tana zubowa kan takardarsa. Hula, in ya saba sawa, a sa masa wadda ta zauna daidai. Sabuwar zanna mai tauri za ta zana masa layi a goshi, zai cire ta ya riƙa juyawa a yatsa, ƙarshenta a bar ta a kan benci.

Kayan mace sun fi buƙatar tunani, domin a nan ne iyaye mata suka fi zarcewa. Doguwar riga ta atamfa ko ta yadi, mai yalwar da za ta zauna a ƙasa ba tare da tana jan gefe ba, ta isa. Siket matsattse da ɗaurin ɗankwali irin na manya ba nata ba ne. Gyale yana zamewa, sai yarinya ta raba hankalinta biyu, hannu ɗaya a fensir ɗaya a kafaɗa. Ƙaramin hijabi na zurawa, wanda bakinsa bai matse fuska ba kuma tsawonsa bai rufe hannu lokacin rubutu ba, ya fi sauƙi. Kitso a yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar, don sabon kitso yana ja, har yakan sa ciwon kai. Jan baki da hoda da awarwaro mai ƙara duk a ajiye su. Lalle shi ne abin da ba ya wankuwa a dare ɗaya, makarantu da dama kuma ba sa son ganinsa a hannun ɗalibai, don haka in akwai biki a dangi a makon, a haƙurƙurtar da ita.

Hausawan da ke zaune a kudu suna da ƙarin tambaya kan hijabi. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. A kan makarantun gwamnati aka yi wannan shari'a, makarantar kuɗi ko ta mishan kuwa takan zo da nata tsarin. Shawarata a nan ita ce yarinya ta je intabiyu cikin shigar da iyayenta ke nufin ta riƙa yi kullum. A cire hijabin ranar don a samu gurbi, sannan a dawo ana jayayya bayan an biya kuɗin zango, wahala ce da yarinyar za ta fi kowa sha.

Sai takalmi, wanda shi ya fi komai ɓata wa yara rana. Sau-ciki sabo fil, wanda aka ciro daga kwali da safen nan, kafin a gama zagaya ajujuwa ya sale dunduniya. Za ka ga yaro ya take bayan takalmin yana jan ƙafa, in an zaunar da shi kuma ya zare ƙafa ɗaya a ƙarƙashin tebur yana murza ta da ɗayar, malami yana tambaya shi kuwa hankalinsa na ƙasa. In dole sai an sayi sabo, a tafi da shi kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada da safa, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunsa da bakin takalmin, sannan ya yi kwanaki yana yawo da shi a tsakar gida. Tsohon sandal da aka goge ya fi sabon da ke cizo. Silifas na wanka da takalmin nan mai walƙiya in an taka ba su da wuri a nan.

Duk wannan yana son lokaci, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. A wasu shekarun Sallolin biyu duk cikin wannan kaka suke faɗowa; a 2025 ƙarama ta zo a ƙarshen Maris, babba a farkon Yuni. Wanda ya yanko yadi a Kantin Kwari ya kai wa tela a irin wannan lokaci ya san amsar da zai riƙa ji: "Alhaji, gobe da yardar Allah." Yadin auduga kuma yakan tsuke a wankin farko, gara a jiƙa shi kafin a yanka. Wanda aljihunsa bai kai ga sabo ba, riga mai kwala ta gwanjo daga Ƙofar Wambai, in an wanke ta an goge, ba malamin da zai tambayi inda aka samo ta. Abin da idon malami ke kamawa shi ne farce da haƙori da aski da kwalar riga. Makarantar da ta nuna tana auna yaro da tsadar yadinsa kuwa, ta faɗa wa iyaye wani abu game da kanta tun kafin su biya kuɗi.

Iyaye ma ana kallon su, wasu makarantun har sukan ware musu tasu ganawar. Uban da ya shigo cikin gezna mai maiƙo da makullin mota a hannu, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, ba za a ɗan duba mana kuɗin ba?" ya riga ya raunana roƙonsa da kansa. Wanda ya zo da jallabiyar da ya kwana a ciki shi ma ya faɗi matsayin da ya ba zaman. Kufta ko abaya mai sauƙi ta wadatar. Turare a taƙaita, ofishin shugaban makaranta ƙarami ne, humra mai ƙarfi kan cika shi.

Da safen ranar, yaro ya karya kumallo kafin a sa masa kaya, ba bayan an sa ba, musamman in akwai shayi ko wani abu mai manja. In a adaidaita sahu za a tafi, a sa shi a tsakiya saboda ƙura, ko feshin taɓo in damina ta sauka. A jakar da aka zuba takardar haihuwa da sakamakon makarantar baya da fensir, a ƙara hankici da gorar ruwa da riga ɗaya ta canji. Ɗan nazare a ƙara masa da wando.