Wasan Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Zaɓar Tudu da Abin Hawa

Duk da tsananin sanyin hunturu a Jos, dusar ƙanƙara ba ta sauka a Daɗin Kowa ko wata unguwa ta birnin. Sai dai iyalan da suka koma Kanada ko arewacin Amurka sukan tarar yara na wasan zamiya daga kan tudu, wanda sakaci a cikinsa kan jawo karaya ko rauni a ka.

Gindin tudu ya fi tsayinsa muhimmanci. Tudu mai kyau yakan gangaro sannu a hankali, ya ƙare da shimfiɗaɗɗen fili nesa da titi, bishiyoyi, shinge da tafki. Ana kuma guje wa inda dusar ta daskare, domin santsi kan hana tsayawa.

Tobogan, wanda 'yan asalin Kanada suka ƙirƙira domin jan kaya, dogon allon katako ne mai lanƙwasasshen goshi. Yana ɗaukar mutum uku ko huɗu, amma karkatar da shi na da wuya. Saboda haka abin hawa mai sitiyari da birki ya fi dacewa da yara, su zauna ƙafafu a gaba, sanye da hular kwano, babba na lura da su.