Malamin Da Ya Karanci Maganar Kalangu

Ran hawan Sallar Gani a Daura, tun kafin a hangi Sarki a kan ji tambura da kakaki da algaita. Kowane basarake da takensa. Makaɗi ba ya duba takarda, duk a ka ya ke riƙe da su, kamar yadda ya gada wurin ubansa. In tsoho ya rasu bai koya wa kowa ba, sai take ya bi shi kabari.

Yaya a ke yi kalangu ya yi magana? Hausa tana da hawa da saukar murya. Da haka a ke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. In makaɗi ya matse tsarkiya, sai muryar kalangu ta hau. In ya saki, ta sauka. Ta haka ya ke kwaikwayon bakin mutum.

Yarabawa ma suna da irin wannan abin kiɗa, suna kiransa dundun. Wani ɗan ƙasarsu, Akin Euba, ya ga wannan ilmi bai kamata ya salwanta ba. An haife shi a Ikko cikin 1935. Ya tafi London ya ƙware a kiɗan piyano, amma da ya komo bai raina na gida ba. Ya riƙa bin makaɗan dundun, yana saurare, yana tambaya, yana rubutawa. A kan wannan bincike Jami'ar Gana ta ba shi digirin dakta cikin 1974, littafinsa kuma ya fito cikin 1990.

Bai tsaya nan ba. Ya tsara kiɗe-kiɗe nasa na kansa, inda ya sa piyano ya riƙa amsawa kamar ganga. Ya kuma shirya wasan waƙa a kan Chaka, Sarkin Zulu, ya haɗa kayan kiɗan Afirka da na Turawa. Ya koyar a jami'o'in Ife da Ikko, sa'an nan a Pittsburgh ta Amurka. Ya rasu cikin 2020.

Ashe abin da ke kan makaɗin fada ilmi ne, har a jami'a a kan karanta shi. Taken da aka rubuta kuwa ba ya mutuwa da mai shi.

Tambayoyi
1. Yaya makaɗi ke sa muryar kalangu ta hau?
2. Me Akin Euba ya yi don kada ilmin dundun ya ɓace?
3. Waɗanne kayan kiɗa a ke ji a fadar garinku?