Husumar Wani Tsoho Da Maƙwabtansa A Kan Tarkace A Birnin Landan

Wannan labari ne na wata husuma da ta auku a birnin Landan ta ƙasar Ingila tsakanin wani tsoho da maƙwabtansa, a kan kayan da mutane suka zubar, shi kuwa ya tsinto ya tara a gidansa. An yi shekaru ana ja-in-ja, har magana ta kai gaban alƙali.

Sunan tsohon Edmund Trebus, an haife shi a ƙasar Polan cikin 1918. Yana saurayi Jamus ta auka wa ƙasarsu cikin 1939, Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi. Daga baya ya yi soja cikin rundunar mutanen Polan da ta yi yaƙi a Italiya a gefen Ingilishi. Da aka ƙare yaƙi sai ya zauna Ingila, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya biyar. Cikin 1964 ya koma da iyalinsa wani babban gidan bene a unguwar Crouch End, arewacin Landan.

A nan ne halinsa na tara kaya ya bayyana sosai. Yakan tura 'yar amalankensa ya bi titi titi, duk abin da ya tarar an yar sai ya ɗauko: tsofaffin ƙyamare da tagogi daga inda magina su ke rushe-rushe, da firji, da injin wanki, da kekuna, da babura, da na'urorin share ƙura. Ya cika ɗakunan sama, sa'an nan ya gangaro na ƙasa, sa'an nan ya fita filin bayan gida. Cikin 1981 matarsa ta bar gidan. Kafin 1998 bai rage wa kansa kome ba sai wani ɗan lungu a ƙasa inda ya ke kwana, shiga da fita ma sai da tsani.

To, gidajen irin waɗannan unguwanni a jere su ke, katanga kaɗai ta raba filin wannan da na wancan. Saboda haka abin da ya ruɓe a filin tsohon, maƙwabta ne ke shaƙar ɗoyinsa, ɓerayen da suka hayayyafa cikin tarin kuwa ba su san iyaka ba. Maƙwabta suka yi ta kai kuka wurin majalisar gundumar Haringey. Hujjarsu ita ce juji ne aka kafa musu a tsakiyar gidaje. Shi kuwa hujjarsa ita ce gida nasa ne, kaya nasa ne, kowane ɗaya yana da ranar amfaninsa, ba wanda ya isa ya kira dukiyarsa shara.

Dokar Ingila ba ta hana mutum ajiye komatsai a gidansa ba. Amma akwai dokar lafiyar jama'a ta 1936, wadda ta ba majalisar gunduma iko, idan gida ya ƙazantu har ya zama illa ga lafiya, ta ba mai shi takardar umurni ya tsabtace. In ya ƙi, sai ta aika a yi aikin, ta bi shi kuɗin. Akwai kuma dokar 1949 a kan ɓeraye da gafiyoyi. Watau doka ba ta tambayar ko kayan suna da daraja, abin da ta ke tambaya shi ne ko suna da illa ga lafiya. Wanda ya karanta babin cuta a cikin Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim ba zai ji wannan baƙon hukunci ba ne, gama malaman Malikiyya tun dā sun hana mai gida ya ƙago abin da hayaƙinsa ko warinsa zai cuci maƙwabci, ko da cikin mulkinsa ne.

Bayan doguwar jayayya majalisa ta samo izinin kotu, ma'aikata suka zo da manyan motoci. Tsohon ya tsaya musu, yana gardama a kan kaya ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka kwashe daga filin gidan ya kai awo 515, kowane awo kamar akwati ne mai yadi ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, aikin kuwa ya ci fiye da fam 30,000. Gidan talabijin na BBC ya ɗauki hoton rigimar, ya nuna ta cikin 1999 a wani shiri mai suna A Life of Grime, har sunan tsohon ya zama sananne a Ingila duka.

Amma motoci ba su kashe maganar ba. Suna juya baya tsohon ya koma tsince-tsincensa, fili ya soma cika kamar dā. Sai cikin 2001, da ƙarfinsa ya ƙare, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a unguwar Southgate, inda ya mutu ran 29 ga Satumba, 2002, yana da shekara 83.

Mai gaggawar hukunci zai ce hali zanen dutse, ya wuce. Likitoci kuwa sun duba al'amarin da wani ido dabam. Cikin 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan tara kaya da kasa rabuwa da su cikin jerin cututtuka masu zaman kansu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin sabon kundinta da ya fara aiki cikin 2022. Sun ce mai wannan ciwo yana jin zafi na gaske in za a raba shi da abin da kowa ke gani banza ne, kuma in an kwashe da ƙarfi ba tare da jinya ba, galibi sake tarawa ya ke yi.

A ƙasar Jafan irin waɗannan gidaje har suna gare su, gomi yashiki, watau gidan shara. Gundumar Adachi ta birnin Tokyo ta kafa doka da ta fara aiki cikin 2013, wadda ta sa a fara da lallashi da taimako, har hukuma ta ɗauki kuɗin kwasa in mai gida matalauci ne, tilas kuwa sai in duk wannan ya faskara.

Maƙwabtan Crouch End ba su yi zalunci ba da suka nemi a ɗauke musu cuta, haƙƙinsu ne. Sai dai tsohon da ke bayan katangar shi ma maƙwabci ne, mara lafiya, wanda ke zaune shi kaɗai, bukatarsa ta mai dubiya ta riga bukatarsa ta motar shara. Allah ya ba masu hukunci ikon riƙe haƙƙoƙin nan biyu tare. Wassalam.