Likitoci Nawa Ake Bukata a Ɗakin Gaggawa na Asibiti?

Mutanen Amarawa da sauran garuruwan ƙasar Illela sukan tambaya, me ya sa wani lokaci a kai wanda ya yi haɗari asibiti, a ɗaure masa rauni, sa'an nan a ce a wuce da shi Sakkwato, tafiyar fiye da mil 50. Ya kamata Hakimai da malamansu su san dalili, gama su talakawa ke fara kawo wa kuka.

Ɗakin gaggawa ba a rufe shi, dare da rana. Mako guda awa 168 ne, ƙa'idar aikin ma'aikacin Gwamnati kuwa awa 40 ce. In aka raba, za a ga likita huɗu ba su isa riƙe kujera ɗaya tak ba. In aka sa hutun shekara da ciwo, sai biyar. Wannan kuwa ɗaki ɗaya ke nan, ba a taɓa zancen ɗakin haihuwa da na fiɗa ba. Inda likita biyu ne a asibiti duka, dole wanda ya kwana tsaye shi zai wayi gari yana duba marasa lafiya, gajiyayyen hannu kuwa ba abin ba wuƙar fiɗa ba ne.

Ba kuma duk mai farar riga ake lissafawa ba. Wanda ya gama shekara shida ta koyon likitanci sai ya yi wata goma sha biyu a ƙarƙashin manya kafin Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta yi masa cikakkiyar rajista. A cikin watannin nan ba a barin ɗaki a hannunsa shi kaɗai. Ƙwararrun ƙashi da na kai kuwa a manyan asibitoci suka fi taruwa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amma fa ƙarancin likita bai zama hujjar korar kowa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Wata doka ta 2017 ta ce wanda aka harba da bindiga a karɓe shi nan take, ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Watau a tsai da jini tukuna, kana a tura shi gaba.

Saboda haka in Hakimi zai rubuta wa Ma'aikatar Lafiya neman ƙarin likita, kada malaminsa ya tsaya ga cewa “muna wahala”. Ya rubuta likita nawa ke akwai, nawa ke kwana, da mutum nawa aka tura Sakkwato a wata, musamman ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, hanya ta cika da motocin shanu da baƙi daga Ƙwanni.