Giɓin Kasafin Kuɗi: Darasi Daga Ƙasar Gana

Ana cewa an samu giɓin kasafin kuɗi idan abin da gwamnati ta kashe a shekara ya zarce abin da ta tara ta hanyar haraji da sauran kuɗaɗen shiga. Hanyoyi uku ne gwamnati kan bi a irin wannan hali: ta ƙara haraji, ko ta rage kashe kuɗi, ko ta ci bashi. Biyun farko su ne ke rage giɓin. Shi kuwa bashi jinkirta biya kawai yake yi, kuma da ruwa a kansa.

Ƙasar Gana ta gwada dukkan ukun. Ta daɗe tana cike giɓinta da rance, har ta kai ga kuɗin ruwa yana cinye kaso mai yawa na kuɗaɗen shigarta. A watan Disamba na 2022 ta dakatar da biyan mafi yawan basussukanta na waje, a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari.

Ta fuskar haraji, a watan Mayu na 2022 gwamnati ta ɗora kashi 1.5 cikin ɗari a kan kuɗin da ake turawa ta wayar salula. Jama'a da dama suka koma mu'amala da tsabar kuɗi, abin da aka tara kuma ya gaza abin da aka yi hasashe. An rage harajin zuwa kashi 1 a 2023, sannan aka soke shi a 2025.

Ta fuskar tsimi, an zaftare albashin ministoci da kashi 30 cikin ɗari a 2022, kuma kasafin 2023 ya dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata. Waɗanda suka ba gwamnati rance a cikin gida su ma an nemi su yarda da ƙarancin riba da tsawaita lokacin biya, har tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a birnin Ankara, wato Accra. A watan Mayu na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3.

A taƙaice, kowace hanya aka bi, akwai wanda zai ɗauki nauyinta. Idan aka jinkirta gyara har masu ba da rance suka rufe ƙofa, zaɓin da ya rage wa gwamnati kaɗan ne, kuma mai ɗaci.