Jirgin Da Ba Ya Barin Ƙasa: Yadda Ake Ƙera Mazaunin Matuƙi A Gida

Duk wanda ya yi zama a Amarat ko Riyad ko Burri kafin yaƙi, ya san cewa filin jirgin saman Kartum a tsakiyar gari yake, jirage na wucewa ta kan rufin gidaje dare da rana. Yara da yawa, har da na unguwannin Hausawa, da wannan ƙara suka tashi, kuma da wuya ka tambayi goma abin da suke so su zama ba ka sami mai cewa matuƙin jirgi ba. To amma kowa ya san kuɗin makarantar tuƙi ba na talaka ba ne. Dokar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta ce kafin a ba mutum lasin na farko, sai ya yi aƙalla awa 40 yana tuƙi, kowace awa kuwa da kuɗin waje ake lissafinta. Tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023 da aka rufe filin saboda yaƙi, abin ya ƙara nisa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa matasanmu bayanin wata hanya da mutane ke bi a ƙasashe da dama, wato ƙera mazaunin matuƙi a cikin ɗaki, a haɗa shi da kwamfuta, mutum ya koyi sarrafa jirgi ƙafarsa na ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa a garin Binghamton, ya ɗebo zugazugai irin na cikin molon coci ya ƙera wani akwati mai karkata hagu da dama kamar jirgi. Da farko wuraren wasa ne suka riƙa sayensa. Sai a 1934, bayan matuƙan soja da dama sun halaka wajen kai wasiƙu cikin hazo da duhu, sojan Amurka suka sayi guda 6. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera wajen 10,000. A wancan zamanin kuwa jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri da Fashir suke biyowa su sauka Kartum, kusan hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa za su Makka.

Mu Hausawa muna da namu gwanin. A 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziya na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗan shekara 24 a lokacin, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a cikin wata 8, da injin mota Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota da tarkacen wani jirgi da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano. Jirgin ya ɗaga har ƙafa 7 daga ƙasa, labarin ya zaga duniya. Mun jinjina masa. Sai dai ba za mu ba ɗan kowa shawarar ya bi wannan hanya ba. A watan Agusta 2021 wani saurayi mai walda a jihar Maharashtra ta Indiya ya rasa ransa yana gwajin irin wannan jirgi da ya ƙera, farfela ta ɓalle ta sare shi. Basirar da za ta ƙera wancan, ita ce za ta ƙera mazaunin da muke magana a kai, wanda in ka faɗi a cikinsa sai ka danna maɓalli ka sake tashi.

Kwamfuta ba ita ce matsalar ba. Akwai manhajar FlightGear wadda kyauta ce, tana ɗauke da jirage masu fukafukai da masu saukar ungulu, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Akwai X-Plane da Microsoft Flight Simulator na saye, amma sabon fitowar na biyun yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet wanda ba ya yankewa, mu kuwa mun san halin da muke ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da hannu da ƙafa za su riƙe. Na kanti yana da tsada, sa'an nan yawancinsa don wasan harbe-harbe aka yi shi.

Jirgi mai saukar ungulu abu uku ake tuƙa shi da su a lokaci guda. Akwai sandar da ke tsakanin gwiwoyi, ta hannun dama, wadda ke karkatar da babbar farfela gaba ko baya, hagu ko dama. Akwai sandar hannun hagu a gefen kujera, mai kama da birkin hannu na mota: ka ja ta sama jirgi ya ɗaga, ka sauke ta ya sauka, a bakinta kuma akwai totur da ake murɗawa kamar na babur. Sai feda biyu na ƙafa masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Abin da ke wahal da mai koyo shi ne ba ɗayansu da za ka taɓa ba ka dagula sauran ba. Da ka ja sandar hagu, sai gangar jirgin ta nemi juyawa saɓanin farfela, dole ka tare ta da ƙafa. A jiragen Amurka ƙafar hagu ake takawa, a na Rasha irin su Mi-8 da Mi-17 da aka fi gani a Sudan kuwa ta dama, domin farfelarsu ba gefe ɗaya take juyawa ba. Wannan ba a littafi ake koyonsa ba, sai jiki ya saba.

Sandar tsakiya ita ta fi son kulawa. Ta kanti gajera ce, ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kuma tana da sifirin mai ƙarfi da ke mayar da ita tsakiya. Matuƙin gaske kuwa yana ɗora hannunsa a kan cinya ne, yana motsa sandar da 'yan yatsu, motsin da wani lokaci ko ido ba ya gani. Saboda haka sai a sami bututu mai tsawon kamar rabin mita, a lanƙwasa shi yadda zai zagaye gaban kujera, a kafa gindinsa a ƙasa a kan boris biyu masu gicciye da juna. Kada a sa sifirin. Abin da ake so shi ne ta yi ɗan nauyi kamar ana juya muciya a cikin kunu, inda aka sake ta kuma ta tsaya. Wasu 'yan ƙananan shakazoba masu mai a ciki suke sawa, wasu kuma wani faifan roba suke matsewa da noti har sai nauyin ya yi musu daidai.

Sandar hagu ta fi sauƙi. Birkin hannu na tsohuwar mota ya isa, in an cire haƙoran da ke sa shi ƙaras-ƙaras, aka ɗaura masa totur na babur ko na raksha. Feda kuma kafinta zai yi da katako da fatar ƙofa, amma a haɗa su da sanda ta yadda in ɗaya ya yi gaba ɗayan zai yo baya. Mai son jirgi mai fukafukai ba sai ya sake wani aikin ba: sandar tsakiya da feda suna nan, sai dai ya mayar wa sandar da sifirin, ya ƙara totur na turawa. Babu wani abu a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin masu walda da makanikan unguwar masana'antu ta Umdurman, mutanen da suka yi shekara 20, daga 1997 zuwa 2017, suna raya motoci da injuna a ƙarƙashin takunkumin Amurka. A arewacin garin ne ma, wajen Karari, aka kafa masana'antar jirage ta Safat, wadda ta haɗa ƙaramin jirgi mai saukar ungulu Safat 02 bisa samfurin AK1-3 na Yukren.

Saura yadda kwamfuta za ta san sanda ta motsa. A kowace gaɓa ana ɗaura abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo, a ja wayoyinsa uku zuwa wani ɗan allo mai suna Arduino. A kula wajen saye: Leonardo ko Pro Micro ake nema, domin su ne kwamfuta ke karɓa kai tsaye a matsayin sandar wasa. Uno da ya fi yawa a kasuwa sai an sha wahala. Allon yana raba motsi gida 1,024. To ga inda da yawa ke tuntuɓe: abin murɗawar yana zagaya kusan digiri 300, sandar kuwa ba ta wuce 30, ke nan gida ɗari da 'yan kai kawai ake amfani da su, sai ka ga jirgi na fizge-fizge. Maganinsa a sa giya biyu, babba a jikin sanda, ƙarama a jikin abin murɗawar. Wanda ya fi wannan shi ne ɗan ƙanƙanin abin nan mai jin maganaɗisu da ake kira Hall, a kafa shi kusa da maganaɗisun da aka manna a gaɓar. Ba ya gogar komai, saboda haka ba ya cinyewa, kuma ƙurar habub ba ta dame shi ba. A ƙasarmu wannan kaɗai ya isa dalili.

Gaskiya ɗaya ce, awoyin da aka yi a ɗaki ba a lissafa su wajen ba da lasin. Ko na'urar da hukuma ta amince da ita, awa 5 kawai ake yafewa daga cikin 40 ɗin nan. Kujerar kuma ba ta motsi, matuƙi kuwa da jikinsa yake fara jin jirgi ya zame kafin idonsa ya gani. Amma wanda ya riga ya san karatun agogunan gabansa, ya san abin da ƙafa za ta yi in hannu ya motsa, ba zai ƙona kuɗin ubansa a sama yana koyon abin da za a iya koya a tsakar gida ba. Zai ma iya sa zafin watan Mayu, digiri 42 ko fiye, ya ga yadda iska ke yin sirara har jirgin da ya tashi da sauƙi da asuba ya riƙa jan jiki da azahar. Waɗanda yaƙi ya kai Bur Sudan ko Alƙahira ko Kano kuma, suna iya tashi daga filin Kartum su bi ta kan Tuti da Mugran, su tsallaka kogi su sauka Umdurman.

Wata magana ga iyaye da masu ƙerawa. Sojoji sun sake karɓar filin jirgin a watan Maris 2025, amma yaƙin nan da jirage marasa matuƙi aka yi ta yinsa, kuma sanda da wayoyi da allo a cikin jaka suna iya zama abin zargi a shingen bincike. A yi aikin a gida, a sanar da dattawan unguwa ko menene, kada kuma a ɗauki kayan a bi da su kan titi sai da babba a tare.