Kafin Ki Kai Tsohon Sisin Gwal Kasuwa

Idan a cikin kayan gadonki, ko sadakin mahaifiyarki, akwai tsohon sisin gwal mai kan bature a fuska ɗaya, ɗayar kuma mahayin doki yana sarar wani dodo, to ki dakata kafin ki miƙa shi ga mai awo. Wannan fam ne na Ingila, irin wanda alhazan da suke sayowa a Makka da Jidda.

Ki duba sarkin da ke jiki. Edward na Bakwai yana kan na 1902 zuwa 1910, George na Biyar kuma daga 1911 zuwa 1932. Na gaskiya nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, zinarensa karat 22, wato tsantsar zinare giram 7.32. In sikeli ya nuna ƙasa da haka sosai, ko mayen ƙarfe ya ja shi, jabu ne. An buga jabunsa da yawa a shekarun 1950, wasu ma da zinare mai ƙarancin karat, don haka kyan gani ba hujja ba ne.

Abin da mata ba su cika lura da shi ba shi ne wani ɗan harafi ƙarƙashin kofaton dokin, sama da shekara. Shi ke faɗin garin da aka buga shi: S Sidni, M Malbon, P Fat, duk a Ostireliya; C Otawa a Kanada; I Bombai, 1918 kaɗai; SA Firitoriya. Na Landan ba shi da harafi. Yawanci kuɗinsu bai wuce na zinarensu da yawa ba, amma na Landan na 1917 da na Sidni na 1920 ba su da yawa a duniya, masu tarawa suna sayensu ninkin-baninkin. Mai awo kuwa kuɗin giram kawai zai ba ki ya narkar.

Don Allah kada ki goge shi da toka ko omo don ya yi ƙyalli, kada kuma ki bari maƙeri ya huda shi ya zama sarƙa. Darajar tarihinsa ta tafi ke nan. Ki riƙe shi ta gefe, ki naɗe a ƙyalle mai laushi, kowanne daban.

Ki kuma ƙirga su. Nisabin zinare kimanin giram 85 ne, guda 12 sun kai. In sun shekara a ajiye, zakka ta hau kansu, ɗaya bisa arba'in.